Hakiya Da Tsiron Nama A Baƙin Ido

Kowace kaka, sa'ad da ake girbin gero da sussuka, akan sami waɗanda ƙaiƙayi ko tsinin kara ya soki idonsu. Haka maƙeri da tartsatsin ƙarfe, haka magini da farar ƙasa. Galibi mutum yakan murje idon, ya ce gobe ya washe. Bayan 'yan makonni sai a ga fari ya zauna bisa baƙin ido, watau hakiya.

Asalin al'amarin shi ne, a gaban baƙin ido akwai wani tantani garau kamar gilashi, kaurinsa wajen rabin milimita, ba jijiyar jini a cikinsa, ta nan haske ke shiga. In ƙujewar sama-sama ce, takan warke cikin kwana biyu ko uku ba tabo. In kuwa ta yi zurfi, ko ƙwayoyin cuta suka shiga ta zama gyambo, to da tabo za ta warke, tabon nan kuwa yakan tare haske. Ga wani, nama daga farin ido ya hau ya manne bisa gyambon. Ga wani, gyambon ya huje, wurin ya kumburo waje. 'Yan kaɗan kuma tabon kan yi ta tsiro, ya yi tudu fari watanni ko shekaru bayan raunin, kamar yadda tabon fata kan yi tudu ga waɗansu mutane. Wannan dabam yake da yanar ido, wadda ke can ciki.

Hakiyar da ta riga ta zauna, ba kwalli ko tsimi da ke wanke ta. Sai dai likita ya kankare tsiron, ko ya cire tantanin ya dasa na wanda ya ba da nasa sadaka bayan rasuwa. Farkon wanda ya ci nasarar wannan dashe shi ne Likita Eduard Zirm, a garin Olomouc na ƙasar Cek ta yau, cikin 1905, majinyacinsa kuwa lebura ne da farar ƙasa ta ƙone wa idanu. Amma aikin yana da tsada, tantanin dashe kuma wuyar samu gare shi.

Saboda haka ranar farko ita ce abin kiyayewa. Farar ƙasa, ko siminti, ko ruwan batir, in ya faɗa ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta minti 20 ko fiye, sa'an nan a nufi asibiti. In suka ce, kada a murza, kada a zaro abin da ya kafe. Kada a ɗiga nono, ko ruwan ganye, ko maganin kasuwa, domin waɗansu magungunan ɗigawa sukan kwantar da ja alhali suna ƙara wa gyambo ƙarfi.

Malamin da jarinsa karatu ne, da falken da jarinsa lissafi ne, kowannensu gara ya yi asarar yini guda a asibiti da ya ƙare kwanakinsa da ɗan jagora.