Kallon ƙwallo cikin ƙanƙara: ranar fitar iyali a Ingila

A ƙasarmu idan hunturu ya kama, aka wayi gari da hazo da iska mai tsaga leɓe, uwa takan hana yara fita sai rana ta ɗaga. Sanyin da ke sa mu kewaye wuta a Damagaram ko Tawa kuwa, mutanen Ingila ba su lissafa shi cikin sanyi. Amma a tsakiyar ɗarinsu ne, ran 26 ga Disamba, magidanci ke tattara ƴaƴansa da tsohonsa ya nufi filin ƙwallo da su.

Ranar tana bin sallar Nowel, kuma hutu ce bisa doka tun 1871. Suna kiranta «Boxing Day». Kada mai karatu ya zaci dambe ake yi: an ce sunan ya fito daga akwatin kyauta da masu gida kan ba barorinsu. Ƙwallo ya daɗe da kama wannan rana, domin ran 26 ga Disamba 1860 ƙungiyar Sheffield ta kara da Hallam a filin Sandygate, inda har yanzu ake wasa.

Bisa al'ada ƙarfe 3 ake take wasa, rana kuwa tana faɗuwa kafin ƙarfe 4, saboda haka ƙarƙashin fitilu ake ƙarasawa. Yawancin jiragen ƙasa ba su tafiya ran nan, sai mota ko ƙafa. Ana sa wa yaro riga bisa riga, da hular ulu, da safar hannu, da mayafin wuya mai launin ƙungiyar gidansu, wanda sau da yawa jiya-jiya aka ba shi kyauta. Duk da haka sanyi ta tafin ƙafa yake shiga, daga simintin da aka taka. Ƴan wasa suna gudu suna gumi. Mai kallo ne ke shan wuya. Da an tafi hutun rabin lokaci sai layi ya miƙe wajen mai sayar da shayi da romon nama mai zafi da ake kira Bovril, yara su riƙe kofi da hannu biyu don ɗumi kafin su kurɓa. Da can a tsaye ake kallo, a cunkushe, jikin wani yana ɗumama wani. Bayan turmutsitsin filin Hillsborough na 1989, wanda ya ci rayuka 97, aka wajabta kujeru a manyan filaye daga 1994. Zama ya fi aminci ga yaro nesa ba kusa ba, sai dai ya fi sanyi.

To, me zai sa uba ya kai ɗan shekara bakwai cikin wannan hali? A can ƙungiya gado ce. Kaka kan nuna wa jika kusurwar da shi ma aka tsayar da shi yana yaro, kuma wanda aiki ya kai wani gari a wannan hutu ne kaɗai yake gida.

Shekarar da ƙanƙara ta fi ƙarfinsu ita ce 1963. Ta fara zuba a ƙarshen Disamba 1962, ba ta narke ba sai farkon Maris, har bakin teku ya daskare a wasu wurare. Zagaye na uku na kofin FA, wanda aka shirya ran 5 ga Janairu, wasa 3 kawai aka iya yi cikin 32. An ɗage wasanni sau 261, ba a gama zagayen ba sai ran 11 ga Maris, bayan kwana 66. A Blackpool an gwada narkar da fili da injin fesa wuta. Ƙungiyar Halifax, da ta ga babu sarki sai Allah, ta mai da filinta wurin wasan sulɓi, tana karɓar kuɗin shiga. Sai ga shi ran 26 ga Disamba na wannan shekara waɗanda suka daure suka fita sun kwashi garaɓasa: ƙwallo 66 aka ci cikin wasa 10 na babban rukuni, Fulham ta lallasa Ipswich da ci 10 da 1.

Daskarewar fili an sami maganinta. Tun 1958 Everton ta shimfiɗa wayoyin lantarki ƙarƙashin ciyawa, daga baya manyan ƙungiyoyi suka koma ga tiyo mai ruwan zafi. Hanya ce ba a iya ɗumamawa. A Disamba 2010 an fasa wasan Chelsea da Manchester United a Landan saboda titunan da ke kewaye da filin sun zama haɗari ga masu zuwa kallo.

A ganina abin da ke neman raba iyali da wannan fita yanzu jadawali ne. A 2025 wasa ɗaya tak gasar Firimiya ta sa ran 26 ga Disamba, tsakanin Manchester United da Newcastle, shi ma ƙarfe 8 na dare. Hukumar gasar ta ce wasannin ƙungiyoyin Turai ne suka ƙaru suka cinye ranaku, ga kuma yarjejeniya da gidajen talabijin, ta yi alkawarin ƙara yawan wasannin ranar a 2026. Uban da ke Newcastle ya lissafa tafiyar fiye da kilomita 200, da dawowa bayan tsakar dare bisa titi mai santsi, da yara a bayan mota. Mai hankali zai kunna talabijin.

Rukunoni ukun da ke ƙasa da Firimiya sun yi wasanninsu ran nan kamar yadda aka saba. A ƙananan filaye, inda babu tiyo ƙarƙashin ciyawa, idan ƙanƙara ta kwana ƙungiya takan yi shela, magoya baya su zo tun da safe da felu, manya da yara, su kwashe ta zuwa gefe. Sannan alƙalin wasa ya zagaya filin, ya taka nan ya taka can, ya gara ƙwallo ya gani, kafin ya ce a yi ko a fasa. Wasu ƙungiyoyi sukan saka wa masu kwasar da shayi, wasu da tikitin shiga kyauta.