Amalanke a bayan babur: ja ba wuya, tsayawa ce aiki

A kakar tumatir, manomin rani a Madobi, Kura ko Bunkure da ya ɗaura wa babur amalanke don kai kwanduna kasuwar Kwanar Gafan ya huta da kuɗin mota. Sai dai amalanke ba ta da birki. In aka tsaya kwatsam, nauyin kaya ne ke ingiza babur, ga hanyoyin bakin magudanan ruwa da ƙunci.

Shi ya sa ƙarfen da mai walda ya haɗa ya fi igiya, mai saki da fizga. Kaya masu nauyi su zauna daidai saman tayoyi, domin in sun rinjaya baya, amalanken za ta riƙa lilo. A rage gudu tun kafin kwana, kuma kada a hau titin Zariya da dare babu fitila a baya.