Ƙashin Ƙugu a Ma'aunin Ƙididdiga

Da wuya ɗalibar ungozoma ta kammala karatu, a Zariya take ko a Landan, ba ta haddace zane huɗu na ƙashin ƙugun mace ba. Tushen zanen wani rubutu ne da likitocin mata biyu, William Caldwell da Howard Moloy na birnin New York, suka wallafa a 1933, bayan sun duba ƙwarangwal da hotunan eksire. Sun kasa ƙugun mata gida huɗu: mai zagayayyar mashiga, wanda suka ce shi ne na mace na ainihi, mai kusurwa, wanda suka kamanta da na namiji, mai zurfi daga gaba zuwa baya, wanda suka ara masa suna daga manyan birai, sai shimfiɗaɗɗe mai faɗi ta gefe. Sama da shekara tamanin littattafan koyarwa suna gadon wannan rabo daga juna. Abin da ya girgiza shi wani reshe ne na ƙididdiga da ke auna surar gaɓoɓin jiki daga hotunan asibiti, kuma darasin da ya fito daga nan ya wuce batun ƙugu. Lafiyayyar gaɓa ba ta da sura ɗaya tilo. Fili ne mai faɗi, kuma iyakokin da masana za su shata masa sun dogara kacokan ga mutanen da aka ɗauki hotonsu.

Kafin a auna sura sai an san mece ce ita, kuma wannan ya fi yadda ake zato wuya. Tela yana iya auna mutum biyu ya samu tsawonsu ɗaya, faɗin ƙirjinsu ɗaya, amma riga ta zauna wa wannan ta ƙi zama wa wancan, domin igiyar awo ba ta kama ranƙwafawar kafaɗa. Haka tsohon awon ƙugu yake: layi uku ko huɗu tsakanin gaba da baya da gefe, sauran lanƙwasar ƙashin kuwa an bar wa idon likita. Tun 1917 masanin halittu ɗan Sikotilan, D'Arcy Thompson, ya nuna cewa idan aka zana kifi ko ƙoƙon kai a kan takarda mai layukan murabba'i, aka ja layukan ko aka karkatar da su, surar wani jinsi takan rikiɗe ta koma ta wani. Hasashe ne mai kyau, sai dai da hannu yake zane, kuma babu lissafin da zai gwada shi. Lissafin ya zo daga David Kendall na Jami'ar Cambridge, wanda a 1984 ya kafa ma'anar da ake aiki da ita har yau: sura ita ce abin da ya saura bayan an cire wurin da abu yake, da girmansa, da inda ya fuskanta. A Amurka kuma Fred Bookstein ya gina hanyoyin amfani da ɗige-ɗigen alama a jikin gaɓa, ya tattara su a littafi a 1991. A wannan tsakanin na'urori sun riga sun samar da kayan aikin. An yi wa majiyyaci na farko hoton CT a Landan a 1971 da injin da Godfrey Hounsfield ya ƙera, daga baya MRI ya biyo, aka samu damar ganin ƙashi da tsoka ta kowace fuska, mai su na raye.

Ga yadda aikin yake tafiya. Hoton CT yanka-yanka ne, ɗaruruwa, an jera su ɗaya kan ɗaya. Da farko ana bin iyakar ƙashin a kowane yanka har kwamfuta ta haɗa cikakkiyar siffarsa. Sannan a ɗora ɗige-ɗige a wuraren da kowane mutum yake da su: wannan tsini, wancan kwarmi, mahaɗar ƙashi biyu ta gaba. Sharaɗin shi ne ɗigo na goma sha bakwai a jikin wannan mata ya zama shi ne ɗigo na goma sha bakwai a jikin waccan, in ba haka ba duk lissafin da ya biyo baya shirme ne. Bayan nan kwamfuta ta ɗora siffofin a kan juna, tana matsarwa, tana juyawa, tana daidaita girma, har tazarar da ke tsakanin ɗige-ɗigen ta ragu iyakar raguwa, bisa dabarar da John Gower ya tsara a 1975. Daga nan ake fitar da matsakaiciyar sura, wadda ba ta kowa ba ce a cikinsu. Idan ɗigo ɗari aka sa, kowanne da lamba uku, an samu lamba 300 ga kowace mace. A cire bakwai na wuri da juyi da girma, saura 293. Ba mai iya karanta irin wannan tulin lambobi, sai dai ƙashi ba ya canjawa barkatai: idan wannan gefe ya buɗe, maƙwabcinsa yakan bi shi. Wata tsohuwar dabara da Karl Pearson ya fara a 1901 ita ke zaƙulo waɗannan canje-canje masu tafiya tare, ta jera su daga mafi girma zuwa mafi ƙanƙanta. Sau da yawa 'yan kaɗan na farko sukan ɗauke mafi yawan bambancin da ke tsakanin mutane. A 1995 Tim Cootes da Chris Taylor da abokan aikinsu a Manchester suka juya abin ta ɗaya fuskar: kwamfutar da ta koyi iyakar canjin da gaɓa ke yi tana iya nemo gaɓar da kanta a sabon hoto, ta ƙi karɓar duk surar da ta fita daga abin da ta sani.

Da aka ɗora rabon Caldwell da Moloy a kan wannan ma'auni, bai tsaya ba. A 2015 masu bincike a Jami'ar Yammacin Ostireliya suka auna hotunan CT na mata 64. Da a ce gidaje huɗun gaskiya ne, da matan sun taru tsibi huɗu a kan taswirar lissafin, da sarari tsakanin tsibi da tsibi. Abin da aka gani taro ɗaya ne a baje, kowace sura na narkewa cikin ta kusa da ita. Shekara guda bayan haka wata tawaga a Jami'ar Zurich ta bi hotunan CT na mutum 275, daga jarirai har tsofaffi tukuf, ta gano cewa ƙugun mace ma ba ya zama wuri ɗaya tsawon rayuwa. Kafin balaga na yarinya da na yaro suna tafiya kusan tare. Daga balaga na mace ya kama buɗewa, ya kai matuƙa wajen shekara 25 zuwa 30, sannan daga arba'in ya fara tsukewa. Sai kuma aikin Lia Betti da Andrea Manica na 2018, wanda aka yi a kan ƙwarangwal na mata 348 daga al'ummomi 24, ba a kan hotuna ba, amma ya cike giɓin da hotunan suka bari. Sun samu cewa hanyar haihuwa a matan Afirka kudu da Sahara ta fi zurfi daga gaba zuwa baya, ta 'yan asalin nahiyar Amurka ta fi faɗi ta gefe, ta Turawa da mutanen arewacin Afirka kuma tana da tata siffar, sannan yawan bambanci a cikin al'umma yana raguwa gwargwadon nisanta daga Afirka. Ma'anar wannan a ɗakin haihuwa ba ƙarama ba ce. Juyin da jariri ke yi yana saukowa yana bin surar hanyar da yake ratsawa, don haka juyin da littafi ya kira daidai yana iya zama na wasu mata ne kawai, kuma wanda ya kira karkace yana iya zama lafiya lau ga wasu.

Mai hankali zai iya cewa wannan tsohon zance ne a sabuwar riga. Ai an taɓa auna ƙasusuwan mutane don a jera jinsuna sama da ƙasa: Samuel Morton na Philadelphia ya cika ƙoƙunan kai da ƙwaya da harsashin dalma yana auna cikinsu, kuma littafinsa na 1839 ya zama makami a hannun masu kare bauta. Wannan tsoro yana da tushe, kuma ban ga dalilin raina shi ba. Sai dai a duba wanda ya rushe wane. Rabon 1933 shi ne ya ɗauki surar da ta fi yawa a wasu mata ya naɗa ta sarauniya, ya jingina wata ga birai. Lissafin sura, idan an yi shi da gaskiya, yana tilasta wa mai yin sa ya nuna yaɗuwar mutane gaba ɗaya, ba matsakaici kaɗai ba, kuma a wannan yaɗuwa al'ummomi suna shiga cikin juna sosai. Matsakaicin al'umma ba ya gaya wa likita surar matar da ke kwance a gabansa. Haɗarin yana dawowa ne lokacin da wani ya ɗauki matsakaitan biyu ya jefar da yaɗuwar, ya koma kasa mutane gida-gida da sunan launi. Wannan cin amanar hanyar ne, kuma hanyar da kanta ke tona shi.

Suka ta biyu ta fi nauyi, domin daga cikin asibiti take fitowa: me wannan ya tsinana wa mai naƙuda? An daɗe ana auna ƙugun masu ciki da eksire don a hango wadda haihuwa za ta gagara, kuma da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi, sai aka ga awon yana ƙara yawan tiyata ba tare da an ga ribarsa ga jarirai ba. Dalilin a fili yake. Haihuwa ba aikin ƙashi kaɗai ba ce. Akwai girman kan jariri da yadda yake matsewa, da kwanciyarsa, da ƙarfin naƙuda, da sakin jijiyoyin da ke riƙe ƙugun. A ƙasar Hausa ma an san inda gizo ke saƙar tun da daɗewa. Binciken Kelsey Harrison a asibitin koyarwa na Zariya, wanda ya bi haihuwa 22,774 aka wallafa shi a 1985, ya nuna cewa haɗari ya fi faɗa wa 'yan mata ƙanana da ba su gama girma ba, da gajerun mata, da waɗanda ba su je awo ba sai da naƙuda ta yi tsawo. Matan da ke jiran ɗinkin yoyon fitsari a Babbar Ruga ta Katsina ko a Danja kusa da Maraɗi ba rashin lissafin sura ya kai su can ba. Rashin tiyata a kan lokaci ne. Duk wannan gaskiya ne, kuma wanda ya ce a sayi kwamfuta kafin a samar da ungozoma da jini da motar asibiti ya sa keke gaban doki. Amma sukar ta ɗauka cewa amfanin hanyar shi ne duba ga mace ɗaya, alhali babban amfaninta gyaran abin da ake koyarwa ne da abin da ake ƙerawa. Ƙarfen da ake ɗaure karyayyen ƙashi da shi, da gwiwa ko kwankwason roba da ƙarfe da ake dasawa, duk ana zana su ne bisa surar wasu mutane, kuma masu ƙera su a yau da irin wannan lissafi suke yanke girma nawa za su fitar da lanƙwasar kowanne. Da shi kuma ake kintatar ɓangaren ƙoƙon kai da haɗari ya farfasa, don a ƙera madadinsa. Waɗannan kayayyaki suna shigowa asibitocin Kano da Yamai ko an auna mutanen wurin ko ba a auna ba.

Nan ne raunin hanyar na gaskiya yake, kuma lissafin kansa ne ya faɗe shi. Daga mata 64 ba za a iya fitar da nau'in canji fiye da 63 ba, komai yawan ɗige-ɗigen da aka sa, kuma duk wata sura da ba ta bayyana a cikinsu ba, kwamfutar za ta ɗauke ta baƙuwa, ko ta lanƙwasa ta ta koma kama da wadda ta sani. Su wa aka nuna wa kwamfutar? Ba a saka lafiyayyen mutum a injin CT don bincike kawai, saboda tururin da yake fitarwa, balle mai ciki; galibin hotunan na majiyyata ne da aka duba don wani ciwo, a asibitocin da ke da injin. Babbar taskar da aka gina da gangan, UK Biobank ta Birtaniya, ta ɗauki mutum kusan 500,000 tsakanin 2006 da 2010, masu shekara 40 zuwa 69, ta kuma sa hannu a ɗaukar hoton 100,000 daga cikinsu. Taska ce da ba ta da na biyu, amma fiye da kashi casa'in cikin ɗari na mutanenta fararen fata ne, kuma waɗanda suka amsa gayyatar sun fi sauran jama'ar ƙasar lafiya da wadata. Idan aka haɗa wannan da abin da Betti da Manica suka gano, cewa bambancin surar ƙugu ya fi yawa a Afirka, to nahiyar da ta fi buƙatar samfuri mai yawa ita ce ta fi ƙarancinsa. Hotunan kuwa akwai su: asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna ɗaukar CT a kullum don masu haɗarin mota da masu ciwon ciki, kuma ƙugu yana fitowa a yawancinsu. Abin da ake buƙata shi ne a adana su maimakon a goge idan ma'ajiya ta cika, a cire sunaye da duk abin da zai nuna mai hoton, a nemi izini ta hanyar kwamitin ɗa'a, sannan a samu likitan hoto da masanin ƙididdiga a tebur ɗaya su yarda a kan inda kowane ɗigo zai zauna.