In Masu Tsaro Suka Saɓa, Wa Zai Raba Su?

Ina so in ɗan yi muku bayani a kan yadda jama'ar Wikipedia suke zaɓen masu kula da aikinsu, da abin da akan yi in waɗannan suka saɓa da juna. Ita Wikipedia kundin ilmi ce a intanet, wadda Jimmy Wales da Larry Sanger suka kafa a 2001, 'yan sa kai ne kuwa suke rubuta ta. Akwai ta Hausa ma, amma ta Turanci zan ɗauka, don ta fi yawan jama'a, ta kuma fi yawan rigima.

Masu kulan nan kamar monitocin aji suke. Suna da ikon share rubutun banza, da kulle shafi, da dakatar da mai ɓarna. Wanda yake son aikin sai ya tsaya gaban jama'a kwana 7, a yi masa tambayoyi, a tono ayyukansa na baya, kowa ya faɗi ra'ayinsa a fili. Wanda ya haura kashi 75 cikin ɗari galibi ya ci, wanda ya kasa 65 ya faɗi, na tsakani kuwa sai wasu manya su auna hujjojin. Tonon sililin nan ya sa mutanen kirki da yawa suna gudun tsayawa, har a 2024 aka gwada zaɓe da ƙuri'ar asiri.

To, a ganina zaɓen ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce ikonsu duk ɗaya ne, watau abin da wannan ya kulle wancan yana iya buɗewa, ba mai tsawata wa wani. Saboda haka aka kafa doka. In na farko ya dakatar da mutum, na biyu ya ga ba daidai ba ya sake shi, to na farkon ba shi da damar maimaitawa, ko da yana ganin shi ke da gaskiya. Sai ya ɗauke hannu, ya kai maganar zaure a tattauna. Wasu suna cewa dokar ta fifita na biyu, gaskiya ne kuwa, amma in babu ita sai a kwana ana kullewa ana buɗewa.

In tattaunawa ta gagara, akwai kwamitin shari'a da aka kafa a 2003. Mutum 15 ne, jama'a suke zaɓensu da ƙuri'ar asiri, suna kuwa da ikon tuɓe mai kula. Tun 2024 kuma, in marubuta 25 da suka daɗe a aikin suka sa hannu cikin kwana 30, dole mai kula ya sake tsayawa zaɓe, ko ya ajiye aikin.