Yadda Za Ka Haɗa Tsohon Faifan Ajiya da Tsohuwar Monita da Sabuwar Kwamfutar Tebur

Da yawa idan suka sayi sabuwar kwamfutar tebur sai su ga bayanta ya sha bamban da tsohuwar, su ɗauka faifan ajiyarsu da monitarsu sun tashi aiki. Yawanci ba haka ba ne. Abin da ake buƙata shi ne gane irin kafar da kowanne yake da ita kafin a kashe kuɗi a kan adafta.

Fara da faifan, domin a nan hotuna da takardunka suke. Idan kafarsa biyu ce siriri, ƙarama mai tsinke 7 ta bayanai da babba mai tsinke 15 ta wuta, to SATA ne, kuma kusan duk sabuwar madabod tana karɓarsa. Kashe kwamfutar, zare wayar wuta, sannan ka haɗa. A wasu madabod, sanya faifan M.2 yana kashe kafar SATA ɗaya ko biyu, don haka idan bai bayyana ba, canza masa kafa.

Idan kuwa kafar mai faɗi ce mai layi biyu na tsinke, tsohon IDE ne, sai da adaftar USB. A nan mutane ke faɗawa: babban faifai mai inci 3.5 yana buƙatar wuta bolt 12, USB kuma bolt 5 yake bayarwa. Sayi adafta mai cajarta daban. Ƙaramin faifan laftof mai inci 2.5 ne kawai USB ke iya ɗauka shi kaɗai.

Abu mafi muhimmanci: idan Windows ta ce sai an yi wa faifan fomat, kada ka amince. Dannawa ɗaya ce tsakaninka da asarar komai. Wataƙila faifan daga Mac ko Linux ya fito. Wani lokaci kuma ba ya fitowa ne kawai saboda ba shi da harafi. Shiga Disk Management ka ba shi. Da zarar ya buɗe, kwafe abin da ke da daraja a ranar, domin faifan da ya shekara goma ba abin dogaro ba ne.

Batun monita ya fi sauƙi. DVI da HDMI siginarsu ta hoto iri ɗaya ce, waya mai arha ta isa, sai dai kada ka sa ran sauti. VGA, shuɗiyar nan mai tsinke 15 da IBM ta fito da ita a 1987, ita ce mai rigima, domin siginarta analog ce, sababbin kafofi kuwa dijital. Tana buƙatar adafta mai juya sigina, kuma hanya ɗaya take aiki. Ka ce wa mai shago daga HDMI zuwa VGA kake so. Wadda ke yin akasin haka ba za ta nuna maka komai ba.

Idan kwamfutarka tana da katin hoto, jona monitar a jikinsa, can ƙasa, ba a kafar madabod ba. Musamman ma idan furosesarka Intel ce mai harafin F a ƙarshen sunanta, domin irin waɗannan ba sa fitar da hoto da kansu.