Na'urar Shinshina Iska da Zafin Ɗakinmu

In hunturu ya kankama a Gumel da Sule Tankarkar, kun san yadda ake yi: a shigo da kaskon garwashi, a toshe taga, a ja ƙofa. To gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da guba mai suna kabon monoksaid, wadda ba launi ba wari, irin wadda ke fitowa daga salansar janareto. Don Allah a riƙa barin kafar iska.

Na'urorin shinshina iska, masu gano irin wannan guba, sun daɗe. Wadda Naoyoshi Taguchi ya ƙera a Japan a shekarun 1960, da har yau ake gano yoyon gas ɗin girki da irinta, sai an gasa cikinta ya kai digiri 200 zuwa 400 kafin ta ji komai. Gashin nan ke shanye batir, ga shi wutar lantarki ba kullum ba.

A 2004, Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Mancesta a Ingila suka yi ta ɓantarar irin baƙin nan na cikin fensir da salatif, har suka samu falle mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya. Sunansa girafin, shi ya jawo musu kyautar Nobel a 2010. Fallen nan duk jikinsa fuska ne, duk iskar da ta sauka a kansa sai ta sauya tafiyar lantarki a cikinsa, ba sai an gasa shi ba. Aibinsa, ba ya tantance wannan iska da waccan, wadda ta manne masa kuma ba ta saurin saki. Shi ya sa masana ke barbaɗa masa ƙananan ƙwayoyin sinadarin tutiya ko na kuza, irin kuzar da aka haƙa a Jos, ƙwayoyin su kamo iskar, girafin ya kai labari.

Ga inda nake da magana. In masu bincike suka ce na'urar girafin tana aiki a "zafin ɗaki", wajen digiri 25 suke nufi. Ɗakin kwano a Gagarawa cikin Afrilu yakan haura 40. Laimar damina kuma tana rikita waɗannan fallaye, balle ƙura. Ni dai kafin in yarda da irin wannan na'ura kusa da shimfiɗar yara, ina so masananmu na jami'o'in Dutse da Kano su rataye ta a rumfa a kasuwar Maigatari, ta sha ƙurar ranar Alhamis, ta ga bazara, ta ga damina.