Waken da aka ce "ba ya son feshi": abin da muka gani a Bobi

Mu a gidanmu shanu ne sana'a. Baba yana saye a kasuwar Mariga ya loda zuwa Ibadan, wake kuwa muna shuka shi a Bobi rabi don ci, rabi don harawar kiwo. Damina biyu da suka wuce yayana da ke Sabo ya turo kuɗi, ya ce a sayi sabon irin nan da ake ta magana, wai ƙwari ba sa taɓa shi. Mai sayar da irin ma haka ya faɗa mana. Muka shuka, muka rataye famfon feshi.

Gona ta yi kore shar, fure ya fito, sai ya riƙa zubewa. Kwanson da ya samu ya ɗauru kuma da yawa ya yanƙwane, ka ɓare ka tarar da 'ya'yan sun motse. Baba ya ce an cuce mu da jabun iri. Ni ma haka na zata, har sai da na nuna wa wani malamin gona.

Irin sunansa SAMPEA 20-T. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, ita ta samar da shi, aka amince a raba wa manoma a ƙarshen 2019. An sanya masa ƙwayar halitta daga wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa da ake kira Bt, sai shukar take yin wani sinadari mai lalata cikin tsutsa idan ta ci. Amma fa tsutsa ɗaya aka nufa: maruka, wadda ke huda fure da kwanso. Ita kam gaskiya ba mu gan ta ba.

Sauran abokan gaba suna nan daram. Darɓa tana nan. Ƙananan baƙaƙen ƙwarin da ke ɓuya cikin fure su zubar da shi suna nan, haka masu soka baki su tsotse kwanso. Waɗannan ba tsutsa ba ne, sinadarin bai dame su ba. Abin da ban taɓa tunani ba shi ne, da can in mun yi feshi sau shida ko takwas saboda maruka, har da su muke kashewa ba mu sani ba. Da muka daina, sai muka bar musu fili, ga kuma tsutsar da ke raba abinci da su babu ita. Masu irin ba su ce a daina feshi ba, cewa suka yi a rage zuwa sau biyu. A bakin 'yan kasuwa ne biyun ta koma sifiri.

Ashe an taɓa yin irin wannan a ƙasar Sin. Sun fara noman auduga mai Bt a 1997, tsutsar auduga ta ragu, feshi ya ragu. Wani bincike da ya fito a 2010 ya nuna wasu ƙwari masu tsotsa, da a da ba a ɗauke su a bakin komai ba, sun yawaita a arewacin ƙasar har suna tsallakawa gonakin 'ya'yan itace.

Ku 'yan'uwa masu sayar da wake a Bodija da Mile 12, ga inda ya shafe ku: wannan irin ba ya hana ƙwaron ajiya. Buhu zai huje kamar kowane wake. Kada wani ya ƙara muku kuɗi da sunan ba ya lalacewa. Kada kuma a koma zuba Sniper, irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015. Buhun PICS mai ledoji biyu a ciki, in an ɗaure shi da kyau, iska yake hana ƙwaron har ya mutu.

Bara mun sake shuka shi, duk da Baba bai so ba. Na yi feshi lokacin da fure ya fara, na sake yi da kwanso ya kama. Wake ya yi, kuɗin magani bai kai rabin na da ba. Baba dai har yanzu ƙorafinsa ɗaya: harawarsa ba ta kai ta wakenmu na gargajiya mai yaɗo ba, shi ya sa ya ware gefe guda ya ce kada a taɓa masa.